Masarautu biyu ne, ko biyar, ko bakwai? Nasiha gareni da ku

Assalamu alaikum warahmatullah ƴan uwa. Dan Allah wanda yake sauri ya ajiye wannan rubutun sai ya samu natsuwa, dan yana da ɗan tsawo kuma banaso a karanta rabi a tafi.

Daren jiya ƙanina ya kawo min littafinsa na bayoloji wai in riƙa yi masa tambaya yana amsawa saboda jarabawa ta matso. Muka zo kan rabe-raben halittu masu rai, nace masarautu nawa ne, wato manyan gidajen da masana suka raba halittu a ciki, ya lissafo min biyar tsaf ba gargada. Sai ya ɗauko wani littafin da ya aro a gun abokinsa, shi kuma shida ya rubuta. Yaro ya dubeni yace Yaya to wanne ne maƙaryacin a cikinsu? Na bashi amsar da zata fisheshi a jarabawa, ya tafi ya kwanta abinsa, ni kuma tambayar ta hanani barci.

Ba maƙaryaci a cikinsu. Bari in baku tarihin abin dan a cikinsa nasihar take.

Tun zamanin Aristotil na Girka, sama da shekara 2000 kenan, mutane gida biyu suka sani, dabba da tsiro. In abu yana motsi yana neman abinci dabba ne, in yana tsaye wuri ɗaya yana girma tsiro ne, shikenan an gama magana. A 1735 wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Carl Linnaeus ya tsara abin a rubuce, yayi masarautu uku, ta dabbobi da ta tsirrai da ta duwatsu da ma'adanai, kaga masu rai dai biyun ne har lokacin. Shi ya daidaita tsarin nan na baiwa kowace halitta suna mai kalma biyu da Latin, mu ƴan Adam ya kiramu Homo sapiens, wai mutum mai hikima. Kuma shi ɗin da kansa, da farko ƙatuwar dabbar tekun nan wel cikin kifaye ya sakata tunda a ruwa take kuma siffar kifi gareta, sai a 1758 ya gyara ya maidata cikin masu shayarwa, dan numfashi take da huhu, haihuwa take kuma tana baiwa ɗanta nono. Ku riƙe wannan, mai tsarin ma sai da siffa ta ruɗeshi.

To amma tun kafin a haifi Linnaeus wani abu ya riga ya faru a garin Delft na ƙasar Holan. Wani ɗan kasuwa mai saida yadi, Antonie van Leeuwenhoek, ba farfesa bane ba komai ba, ya iya goge gilashi ne kawai har ya riƙa ƙara girman abu sau ɗari biyu da wani abu. A 1674 ya ɗiga ruwan tafki ya leƙa, sai ga wasu halittu suna iyo suna juyi suna kai da kawo. A 1683 ya kankaro dattin haƙorinsa ya duba, nan ma gasu nan birjik. Duk sanda na tuna wannan sai in tuna yadda Manzon Allah SAW ya matsa mana akan asuwaki, amma wannan maganar wata rana ce.

Abinda nakeso ku tsaya a kai shine wannan. Halittun nan da ya gani ba ranar aka haliccesu ba. Suna nan tun kafin kakansa na farko, suna ci suna hayayyafa suna mutuwa, a cikin ruwan da sarakuna suka sha da bakin malaman da suka rubuta cewa halitta gida biyu ce. Babu wanda ya san dasu balle ya ciyar dasu, kuma ko ɗaya bata kwana da yunwa dan ɗan Adam bai santa ba. Allah yana cewa a Suratu Hud aya ta 6 babu wata dabba a doron ƙasa face arzikinta yana kan Allah, kuma ya san matabbatarta da ma'ajiyarta. A Suratun Nahli aya ta 8 bayan ya ambaci dawaki da alfadarai da jakuna sai ya rufe da wa yakhluƙu ma la ta'alamun, yana halittar abinda baku sani ba. A Suratul Haƙƙa kuma yayi rantsuwa da abinda kuke gani da abinda bakwa gani. Ni bance ayoyin nan bakteriya kaɗai suke nufi ba, malaman tafsiri sun faɗaɗa ma'anarsu sosai kuma ni ba malamin tafsiri bane, amma wallahi wanda ya taɓa leƙa madubin nan mai ƙara girman abu yaga ɗigon ruwa ya zama kasuwa, in ya dawo ya karanta su sai yaji wani abu daban a ƙirjinsa.

Daga nan rikici ya fara. Akwai wata ƴar halitta mai ƙwaya ɗaya da ake kira Yugilina, koriya ce shar tana haɗa abincinta da hasken rana kamar ganye, amma kuma tana da ɗan bulala da take iyo dashi, in ta rasa haske wasu irinta sai su koma tsotsar abinci daga ruwa. Masana tsirrai suka ce tasu ce, masana dabbobi suka ce tasu ce. Sai a 1866 Bajamushe Ernst Haeckel yace a buɗe gida na uku, aka kirashi Furotista. A 1938 Herbert Copeland na Amurka yace a'a, bakteriya fa ba irin sauran bane dan ƙwayarsu bata da cibiyar nan da ake killace kayan gado a ciki, wato sinadarin da ke ɗauke da siffofin da halitta ke gada daga iyayenta, a ware musu nasu gidan, ya zama huɗu, sunan gidan Monera. A 1969 Robert Whittaker ya ciro su naman kaza da funfuna da yis daga cikin tsirrai yayi musu tasu masarautar, Fungai, ya zama biyar. Wannan biyar ɗin ita ce ƙanina ya haddace.

Anan zan daɗe dan nan ne zuciyata ta tsaya.

Naman kaza, wanda wasu ke cewa laimar kwaɗi, shekaru aru-aru tsiro ake ce masa. Kuma waye zai zargi mai faɗin haka? Daga ƙasa yake fitowa bayan ruwan sama, baya tafiya, baya kuka, yana da kara yana da hula, komai nasa na tsiro ne a ido. Da aka bincika sai aka tarar bashi da koren sinadarin da tsiro ke kama hasken rana dashi, baya iya haɗa abincinsa ko kaɗan, narkar da abinda ke kewaye dashi yake yi ya tsotsa. Bangon ƙwayoyinsa da kaitin aka ginashi, wato irin abinda ke cikin ɓawon fara da ƙwaro da ƙaguwa, kuma yadda yake ajiye sukari a jikinsa irin na dabba ne ba irin na tsiro ba. Da ilimin ƙwayoyin gado ya ƙaru sai aka ga ma ya fi kusa da dabbobi akan bishiyar da yake tsirowa a gindinta. Ita hular da muke gani ma ba ita ce ainihinsa ba, ɗan abinda ya leƙo ne kawai dan ya watsa iri, asalin jikin zare-zare ne siriri a shimfiɗe ƙarƙashin ƙasa inda ido baya kaiwa.

Yanzu ɗan uwa ka ajiye naman kaza ka ɗauko kanka. Masarautu nawa ka raba mutanen da ka sani? Mafi yawanmu biyu ne wallahi, irin na Aristotil, namu da ba namu ba, na kirki da ƴan iska, ƴan aljanna da ƴan wuta. Kuma da me muke rabawa? Da abinda ya leƙo sama. Tufafi, tsawon gemu, yadda mutum yake magana, wane malami yake saurare, wane rubutu yayi wa laik. Ka ga hula ka yanke hukunci, alhali ainihin mutum zare ne a binne da babu madubin da zai nuna maka shi. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi SAW yace Allah baya duba surorinku da dukiyoyinku, yana duba zukatanku ne da ayyukanku. Kuma kun san ƙissar Usama bin Zaid RA da mutumin da ya faɗi kalmar shahada a filin yaƙi, Usama ya kasheshi yace dan tsoron makami ya faɗa, Annabi SAW ya tambayeshi ko ya tsaga zuciyarsa ne ya gani. Masana kimiyya da kayan aikinsu sai da suka kwashe ƙarnuka kafin su gane naman kaza ba tsiro bane, kai kuma da kallo ɗaya a waya ka gama rubutawa bawan Allah makomarsa, subhanallah.

Ba ina cewa a daina kiran saɓo saɓo bane, kar wani ya juya min magana. Aikin da ya bayyana ana masa hukunci da abinda ya bayyana, shari'a ma haka take tafiya. Abinda nake tsoratar damu shine rufe fayil ɗin mutum, ka sakashi a gida ka kulle ka jefar da makulli kamar kaine ka halicceshi.

Kuma ku dubi irin aikin da wannan gidan da aka raina yake yi. Su da bakteriya ne suke ruɓar da gawar ganye da itace da dabba su maida ita ƙasa, ba dan haka ba da tuni matattu sun binne rayayyu. Mafi yawan tsirran doron ƙasa suna da fungai manne a saiwarsu suna jawo musu ruwa da sinadaran ƙasa, su kuma suna biyansu da sukari. Yis ɗin da ke tada burodi ɗan gidan ne. Funfunar da kake gani ka yamutsa fuska, irinta ce ta faɗa cikin faranti a ɗakin binciken Alexander Fleming a Landan a 1928 ya lura tana kashe bakteriyan da ke kewaye da ita, daga nan aka samo penisilin, Allah kaɗai ya san rayuka nawa ya tsirar ta sanadinta. Akwai ma ɗan gidan nan da ya shigo hadisi, wato kam'a da ke girma a binne cikin ƙasar sahara, Bukhari da Muslim sun ruwaito Annabi SAW yace tana daga cikin mannu, wato abincin da Allah ya saukarwa Bani Isra'ila, kuma ruwanta waraka ne ga ido. Abinda ba'a shukawa ba'a yi masa ban ruwa, kyauta ce kawai daga Ubangiji.

Mu koma kan lissafi. Ana zaune akan biyar an ɗauka an gama, sai a 1977 wani mai bincike a Jami'ar Illinois ta Amurka, Carl Woese, ya daina kallon siffa ya koma kwatanta wani sashe na kayan gado da ke cikin kowace ƙwayar halitta. Ya ɗauko wasu ƙananan halittu masu fitar da iskar misen, irin waɗanda ke zaune cikin tumbin saniya da laka mai ruɓa, kowa bakteriya yake ce musu dan a madubi baka iya bambancewa. Sakamako ya nuna masa nisan da ke tsakaninsu da bakteriya ya kai nisan da ke tsakaninka da bakteriya. Su ne aka sawa suna Akiya, a cikinsu akwai masu rayuwa a ruwan zafi mai tafasa da tafkin gishirin da zai kashe kusan komai. Da ya faɗa manyan masana da yawa basu karɓa ba, ya daɗe ana masa kallon wanda ya kauce hanya. Nan shida ɗin littafin abokin ƙanina ta samo asali. A 1990 shi da abokan aikinsa suka ce ma a ɗora wani mataki sama da masarauta, manyan rukunai uku, bakteriya da Akiya da duk masu ƙwaya mai cibiya, wato ni da kai da giwa da bishiya da naman kaza duk a rukuni ɗaya aka cusa mu. A 2015 wata tawagar masana ta fitar da tsari mai masarautu bakwai. Shi kuwa gidan Furotista, su kansu masanan sun yarda tamkar kwando ne da ake jefa duk wanda aka rasa inda za'a kaishi, shiyasa ake ta wargaza shi ana sake rabawa. A cikinsa ƙwayar zazzaɓin maleriya take, ita ba bakteriya ba ita ba bairas ba.

To ga mutum biyu da nakeso inyi magana dasu akan wannan canje-canjen.

Na farko shine wanda zai ce ai kun gani, yau biyu gobe biyar jibi bakwai, duk shirme ne na turawa a watsar. Malam ba haka bane. Kowane gyara da akayi saboda an ƙara gani ne, kuma komawa ga gaskiya in ta bayyana ɗabi'a ce da addininmu ya koyar, manyan malaman fiƙihu ma suna da tsohuwar magana da sabuwa, Imamu Shafi'i an san shi da wannan bayan ya koma Masar. Annabi SAW ya fassara girman kai da ƙin gaskiya da raina mutane. Linnaeus ya fitar da wel daga cikin kifaye bai mutu ba, kai yaushe rabon da kace nayi kuskure a bainar jama'a? Sannan shi wannan ilimi ba baƙonmu bane, Jahiz na Basra da ya rasu wajen 868 ya cika mujalladai akan dabbobi da halayensu, Abu Hanifa Dinawari ya rubuta akan tsirrai a ƙarni ɗaya dashi. Kuma sanin gidan da halitta take yana da amfani har a gadon asibiti, maganin bakteriya baya yiwa bairas komai, wanda yake ɗirkar antibayotik saboda mura yana wahalar da jikinsa ne kuma yana koyawa bakteriya jurewa magani.

Na biyu shine ɗalibin da ya haddace sunaye da Latin sai kansa ya kumbura, ya fara ganin masu sallah kamar ƴan ƙauyen tunani. Ɗan uwa sanyawa abu suna daban, halittarsa daban. Jinsunan da aka yiwa suna zuwa yanzu wajen miliyan 2 ne, wani ƙiyasi da aka fitar a 2011 yace masu ƙwaya mai cibiya kaɗai zasu kai miliyan 8.7, banda bakteriya, kaga ko rajistar ba'a gama ba balle a fahimci abinda aka rubuta. Jikinka da kake taƙama dashi an ƙiyasta ƙwayoyinsa sun kai tiriliyan 30, bakteriyan da ke zaune a ciki, yawanci a hanji, wajen tiriliyan 38, suna tayaka narkar da abinci baka taɓa gaishesu ba. Kusan rabin iskar oksijin da ake samarwa a duniya daga ƙananan halittun teku take fitowa waɗanda baka san sunan ko ɗaya ba. Suratul Hajji aya ta 73 ta riga ta kafa ƙalubale, ko ƙuda ɗaya ba za'a iya halitta ba ko da an taru. Wa ma utitum minal ilmi illa ƙalila, ba'a baku ilimi ba sai kaɗan.

Abin da yake burgeni, ayar nan da muke yawan jawowa, innama yakhshallaha min ibadihil ulama'u, ku buɗe Suratu Faɗir aya ta 27 da 28 ku ga me ya gabaceta. Ruwan sama ne, da ƴaƴan itace masu launi daban-daban, da duwatsu farare da jajaye da baƙaƙe ƙirin, da mutane da dabbobi da bisashe masu launi daban-daban. A ƙarshen wannan jerin ne aka ce masana su ne masu tsoron Allah. Kenan kallon bambancin halitta ƙofa ce ta tsoron Allah, in ka shigeta ka fito da girman kai to da baya ka shiga.

Shi kansa rabe-raben Alƙur'ani ya nuna mana shi. Suratun Nur aya ta 45 tace Allah ya halicci kowace dabba daga ruwa, akwai mai tafiya akan cikinsa, akwai mai ƙafa biyu, akwai mai huɗu. Suratul An'am aya ta 38 tace babu dabba a ƙasa ko tsuntsu mai tashi da fukafukansa face al'ummai ne irinku. Al'ummai fa aka ce. Shiyasa a hadisin Bukhari da Muslim, da tururuwa ta ciji wani Annabi daga cikin Annabawa yasa aka ƙone gidansu, Allah yayi masa wahayi cewa dan tururuwa ɗaya ta cijeka ka halaka al'umma guda mai tasbihi? Ku duba laifin da kyau, guda ɗaya tayi cizo aka hukunta gida gaba ɗaya. Mu kuma kullum a haka muke, mutum ɗaya daga wata ƙabila ko wata ƙungiya ya cuce ka sai ka kunnawa miliyoyi wuta da bakinka ko da yatsanka.

Masana bayoloji daga masarauta suke saukowa mataki-mataki har bakwai zuwa jinsi. Masana nasabar Larabawa suma haka suke saukowa, sha'abu, ƙabila, imara, baɗanu, fakhizu, fasila. Da Allah ya ambaci shu'uban wa ƙaba'ila a Suratul Hujurat aya ta 13 dalili ɗaya ya bayar, lita'arafu, dan ku san juna. Ban taɓa jin masanin da yace masarautar dabbobi ta fi ta tsirrai daraja dan haka a tumɓuke tsirrai ba, ya san ranar da ganye ya daina aiki shi da zakin duk yunwa zata kwashe su.

Da safe ƙanin nawa yana ɗaura takalmi ya sake jefo min wata, yace Yaya shi kuma bairas a wace masarauta yake cikin biyar ɗin? Nace ba ya ko ɗaya, bashi da ƙwaya irin ta sauran, baya ci baya girma, baya iya hayayyafa sai ya shiga jikin wani, har yau masana suna jayayya ko za'a kirashi mai rai, dan haka tsari daban aka yi masa a gefe. Yayi shiru yace shine kuma ya zaunar da duniya a gida a 2020? Nace shi ɗin fa. Ya ɗauki jakarsa ya fita, ni kuma na zauna na rubuta muku wannan.